Makaɗan da muke so: me ya sa hannun wani ya fi na wani?

 

A shirinmu na al'adu mun jefa muku tambaya guda: wane makaɗi kuka fi so? Kira ya yi ta shigowa, saƙonnin murya na WhatsApp kuma har muka rufe shiri ba su daina zuwa ba. Wannan ya ce Shata, wancan ya ce Ɗankwairo, mutanen Damagaram suka ce su ba su da kamar Ma'azu Ɗan Alalo, ƴan kokowa kuwa Sagalo suka riƙe. Sai wani dattijo ya kira daga ƙauye ya ce mana: "Ƴaƴana, duk masu baki kuka lissafa. Ina masu hannun?"

Wallahi maganar ta zauna mana. Da Hausa kalma ɗaya ce, makaɗi, muke kiran mai rera waƙar da ita, mu kuma kira wanda ke riƙe da gula a bayansa. Uban kiɗi ya yi suna, hotonsa ya hau bayan kaset, yaran da suka yi shekara talatin suna matsa kalangu a hammata kuwa ko sunan ɗaya ba mu riƙe ba. Shi ya sa muka ce bari mu zauna mu warware: me mai hannun ke yi, kuma me ke sa kiɗan wani ya shiga jini har na baya su yi ta kwaikwayonsa?

Kalangu yana magana, ba ƙarya ba ne

Mu fara da abin da yaranmu da aka haifa a waje suke yawan tambaya. Suna jin ana cewa kalangu na magana, sai su ɗauka zuzutawa ce irin ta manya. To, ga yadda abin yake.

Hausa harshe ne mai hawa da sauka. Ku ɗauki kalmar "fara". In kun ce farar riga, muryarku a sama take tsayawa. In kun ce fara ta ci gero, murya daga ƙasa take tashi ta hau. In kuma kun ce ya fara aiki, daga sama take saukowa. Rubutu iri ɗaya, ma'ana uku, kuma kunnen Bahaushe ba ya ruɗewa. Ban da hawa da sauka akwai jan wasali da taƙaita shi.

Kalangu an yi shi ne daidai da wannan. Icen an sassaƙa shi da siririn ƙugu a tsakiya, baki biyu an rufe su da fata mai laushi, tsarkiya kuma ta haɗa bakin nan da wancan. Makaɗi ya rataya shi a kafaɗa ya sa a hammata. In ya matsa tsarkiya fata ta ɗaure, murya ta hau. In ya saki, murya ta sauka. Gula mai lanƙwasa ita ke bugawa, yatsun ɗayan hannun kuma suna taɓa fatar suna gyara sauti. Da haka yake bin sawun magana gaɓa bayan gaɓa. Ba haruffa yake fitarwa ba, karin maganar yake fitarwa, wanda ya san zancen sai ya cike sauran da kansa.

A nan ne take ya samo asali. Sarki da takensa, ɗan dambe da nasa, babban manomi da nasa, har gari ma yana da take. Mutum yana cikin ɗaki zai ji an kaɗa, ya miƙe ya ce da ni ake. Saboda haka gwanin kalangu na farko shi ne wanda hannunsa ke fita sarai, ba ya cin gaɓa, ba ya haɗiye ƙarshen magana. Ƴan uwanmu Zabarmawa suna da irinsa, dondon suke ce masa, Yarabawa ma suna da nasu. Ba banza ba ne ma da aka buɗe ɗakin shirya labarai na Studio Kalangou a nan Yamai a 2016 aka ɗauki sunan wannan abin kiɗa: tun kafin rediyo shi ne mai kai labari.

Kowace sana'a da gangarta

A ƙasar Hausa kiɗa yana tafiya ne da aiki. Kalangu na mahauta ne tun asali, in an yi yanka shi ke sanar da gari, sannan ƴan dambe suka gaje shi domin dambe wasan mahauta ne. Maƙera suna da dundufa. Manoma suna da gangar noma. Fada tana da tambari, wanda ba a buga shi sai da dalili babba kamar naɗin sarauta ko Sallah, tana da jauje da kotso da taushi, ga kakaki da algaita suna rakiya. Ko a watan azumi, kafin agogon salula, mai ganga ne ke zagaya unguwa yana tada mutane sahur.

Duk wanda ya taɓa zuwa gayya ya san abin da muke nufi. Samari sun jeru da hauya, rana ta take, ƙarfi ya fara ƙarewa. Makaɗi nagari ba ya tsayawa gindin itace. Yana bin bayan layi, idonsa na kan wanda ya fara ja da baya, sai ya kaɗa masa taken gidansu, ya tuna masa kakansa. Nan take za ka ga yaro ya sunkuya kamar yanzu aka fara. Kuma in ya ga gudun ya yi yawa har za a bar ciyawa a baya, shi ne zai sassauta hannu, layi ya daidaita. Bahaushe ya ce in kiɗa ya canza rawa ma sai ta canza, to a gona wannan magana ba karin magana ba ce kawai, haka abin yake faruwa ƙuru-ƙuru.

Yaran Shata da masu kotso

Alhaji Mamman Shata, haifaffen Musawa a ƙasar Katsina, wanda ya rasu a 1999, shi ne sunan da ya fi yawa a bakin masu kiranmu. Kowa ya san Shata ba ya zama ya tsara waƙa a takarda, a fili take zo masa. To, ku yi tunanin aikin waɗanda ke bayansa. Ba su san inda zai nufa ba, ba su san ko zai ja ɗa ɗaya ya yi tsawo ko zai katse ba. Dole kunne ya riga hannu. Manyan kalangai suna riƙe da amon waƙar suna amsa masa, ƙananan kayan kamar kuntuku suna riƙe da gudu ba sa motsawa ko da gashi ɗaya. Wannan shimfiɗar ita ta ba shi damar ya yi ta yawo a kanta awa da awanni. In kun sake sauraren wani tsohon faifansa, ku gwada ku bar muryar ku bi kalangan kaɗai, ku ji yadda suke buɗe masa hanya in zai shigo, su rufe in ya fita. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa a 1988, kuma mu a ganinmu wani yanki na wannan girma na masu gular ne.

Kotso kuwa wani hali ne daban. Baki ɗaya gare shi, ƙasan a buɗe yake, ba a sa masa gula, da yatsu ake kaɗa shi, ana kuma liƙa wani ɗanko a tsakiyar fatar don muryar ta yi zurfi. Shi Ibrahim Narambaɗa ya riƙe a fadar Sarkin Gobir na Isa, shi kuma Musa Ɗankwairo na Maradun, wanda ya rasu a 1991, ya riƙe har ya yi wa Sardauna Ahmadu Bello waƙa. Kiɗan fada ba ya son gaggawa. Masu kotso su ne kuma ƴan amshi, hannu na aiki baki na aiki, wani ya karɓa wani ya ƙara, ba a jin inda aka yi ɗinki. Abin da ya sa ake kwaikwayonsu har gobe shi ne wannan natsuwa: sun san inda za su yi shiru. Sabon hannu yana tsoron shiru, sai ya cika ko'ina da bugu. Tsohon hannu yana barin fili don kalma ta sauka a zuciyar mai saurare.

A fagen dambe kuma Muhammadu Bawa Ɗan Anace ne da kalangansa, wanda sunansa ba ya rabuwa da na Shago. Tsofaffi suna ba da labarin yadda ɗan dambe ke tsuma yana rawar jiki tun kafin ya ɗaure hannu, don kawai an taɓa takensa.

Filin kokowa

Mu nan Nijar babu inda ake ganin ƙarfin ganga kamar kokowar takobin ƙasa. Tun 1975 da aka fara a Tawa, inda Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobi, har zuwa zamanin su Issaka Issaka na Dosso, ba a taɓa yin ta babu makaɗa ba. Kowace jiha tana zuwa da ƴan kokowarta da makaɗanta. Waɗanda suka girma da rediyo a kunne sun san da zarar an ji muryar Sagalo da gangunansa, to lokacin kokowa ya zo, ko kana Agadas ko kana Diffa.

Aikin mai ganga a fili ya fi yadda ake zato. Kafin a kama, shi ke fito da ɗan kokowa ya yi kirari ya taka rawa. In an kama aka tsaya ana lallaɓa juna, kowa na tsoron kowa, yakan riƙe kiɗan ƙasa-ƙasa yana jira. Da ya ga ƙafa ta shiga sai ya ɗaga, filin gaba ɗaya ya miƙe tsaye. Wanda bai san kokowa ba ba zai iya wannan ba ko da hannunsa ya kai walƙiya sauri, don sai ka san kamun da ke kawo kaye kafin ka san lokacin ɗagawa.

Hannun mata

Wata baiwar Allah da ke zaune a Kumasi ta aiko mana saƙo tana cewa kada mu kuskura mu manta da mata. Ba mu manta ba, Hajiya. A cikin gida, ranar suna ko buki, ƙwarya ce sarauniya. A kifa manyan ƙore a ƙasa, a kifa wata a cikin ruwa, a bi su da ƴan sanduna. Ta cikin ruwan ita ke ba da murya mai zurfi, kuma yawan iskar da aka bari a ƙarƙashinta shi ke sa ta hau ko ta sauka. Hajiya Barmani Choge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013, da Uwaliya Mai Amada, su suka fito da wannan kiɗa daga tsakar gida suka kai shi gaban duniya. Ko daka ma kiɗa ne: mata biyu ko uku a turmi ɗaya, ana luguden taɓarya ana tafi, ba wadda ta je makarantar kiɗa.

A arewa kuma, wajen ƴan uwanmu Abzinawa, turmin ne da kansa ake mayarwa ganga. A rufe bakinsa da fatar akuya, a ɗaure da taɓare biyu, mata su zauna a kansu don fatar ta miƙe, ana yayyafa mata ruwa. Shi ne tende, wanda raƙuma ke zagayawa suna taku a kansa a bukukuwa irin na Ingal. Ƴan matan ƙauyen Illighadad na jihar Tawa, su Fatou Seidi Ghali, sun haɗa shi da gita sun zagaya Turai da Amurka da shi.

Masu hannun Yamai na yau

In ana maganar wanda ya fito daga inuwar uban kiɗi har aka san sunansa, to sai mu ambaci Oumarou Adamou. Shi ne abokin tafiyar marigayi Malam Mamane Barka, wanda ya rasu a 2018. Malam Barka ya je bakin tafkin Chadi ya koyo biram, abin kiɗa mai tsarkiya biyar na masuntan Buduma, wanda ya kusa ɓacewa. Da ya tashi kai shi duniya, mutum ɗaya ya ɗauka su tafi tare, wato Oumarou da duma da kalangu da ƙwarya. Faifan da suka fitar a 2009 su biyu ne kawai, amma in ka saurara sai ka rantse taro ne. Biram murya gare shi mai sanyi, mai ganga mara haƙuri zai binne shi cikin minti ɗaya. Oumarou ya san yadda zai zauna ƙarƙashinsa ya ɗaga shi.

Ƙungiyar Tal National ta nan Yamai, ƙarƙashin Almeida, ta nuna wani abu kuma: kalangu da jerin gangunan zamani, waɗanda ƴan orkes ke kira batiri, suna iya zama a dandali ɗaya ba wanda ya danne wani. Faifansu Kaani na 2013 ya sa an san su a waje. Haka Mamar Kassey ta Yacouba Moumouni ta riƙe ƙwarya da kalangu a tsakiyar kiɗanta. Samari kuma da yawa sun ambaci Souleymane Ibrahim, mai buga wa Mdou Moctar ganga. Shi abin da ya iya shi ne ƙara gudu sannu a hankali, yadda ake yi a bukukuwan Agadas, har sai mai rawa ya tsinci kansa yana gudu bai san lokacin da aka fara ba.

A sauran Afirka ma akwai waɗanda suka nuna mai ganga na iya zama shi ne gaba. Tony Allen na Legas, wanda ya rasu a birnin Paris a 2020, shi ya gina ƙashin bayan kiɗan Fela Kuti, hannu biyu da ƙafa biyu kowanne na faɗar nasa. Doudou Ndiaye Rose na Senegal, wanda ya rasu a 2015, yakan tsaya gaban masu gangar sabar da yawa yana jagorantarsu, ya kuma koya wa ƴaƴansa mata a lokacin da ba a saba ganin mace da ganga ba. Waɗannan an rubuta sunayensu, an ajiye tarihinsu. Namu fa?

To, me ke sa a ce wane gwani ne?

Daga abin da muka ji a bakinku da bakin tsofaffin makaɗa, sauri shi ne na ƙarshe a lissafi. Na farko shi ne riƙon lokaci, mutum ya yi awa uku bai zame ba. Sai kunne, ya ji abin da mawaƙi zai yi tun bai yi ba. Sai sanin mutane: makaɗin gari ya san asalin kowane gida, ya san wanda ya yi abin kirki da wanda ya gudu a fagen fama, ya san taken da zai taɓa a yi murna da wanda in ya taɓa za a zare wuƙa. Sannan akwai sanin kayan aiki. Fata tana sakewa da damina ko da sanyin asuba, sai an gasa ta a rana ko a gefen wuta, kuma gwani tun daga bugu ɗaya ya san ko ta kai.

Duk wannan ba a samunsa cikin wata shida. Ɗan makaɗi yakan fara ne da ƙaramin abin kiɗa, ya yi shekaru yana buga abu ɗaya tak, yana ɗaukar kaya yana bin uba kasuwa-kasuwa, kafin a yarda ya taɓa babba. Tasirin makaɗi kuwa a nan ake auna shi: yara nawa suka fito daga hannunsa, kuma in an ji bugunsu a wani gari za a ce wannan hannun gidan wane ne?

Abin da ke damunmu

Ba za mu ɓoye muku ba, sana'ar tana cikin wani hali. Yau a Yamai, Maraɗi ko Damagaram, mai buki yakan ɗauko yaro ɗaya da piyano ko kwamfuta da manyan lasifika, ya biya shi kuɗin da bai kai na makaɗa biyar ba. Ba mu ce kiɗan zamani laifi ba ne, mu ma muna sa shi a tasharmu. Amma na'ura ba ta san kakanka ba, ba ta ganin wanda ya gaji a gona. Ƴaƴan makaɗa da yawa sun bar gula sun kama kabu-kabu ko sun tafi bida, wasu don abinci, wasu don gorin da ake yi musu in sun je neman aure, wasu kuma don sun bi fahimtar malaman da ke ganin barin kiɗa ya fi. Kowa da dalilinsa, ba mu zo yanke wa kowa hukunci ba. Abin da muka sani shi ne in tsoho ɗaya ya kwanta dama, taken gidaje masu yawa sun bi shi, domin ba a rubuce suke ba. Masu sassaƙa icen da masu ɗaure fatar ma suna raguwa.

Akwai wuraren da ke ƙoƙari. Cibiyar koyar da kiɗa ta CFPM Taya, wadda aka buɗe a nan Yamai a 1989, tana ajiye kayan kiɗan gargajiya na ƙabilun ƙasar nan tana kuma koyarwa. Gidan rediyon ƙasa, Muryar Sahel, yana da tsofaffin faya-fayai, haka cibiyoyin bincike na IRSH da CELHTO. Sai dai ba za su iya kai wa kowane ƙauye ba.

Saboda haka ga roƙonmu. Ku na gida, in akwai tsohon makaɗi a garinku, ku je ku gaishe shi, ku nemi izininsa, ku ɗauki bugunsa da salula. Ku tambaye shi sunansa da na wanda ya koya masa, ya kaɗa take ya kuma faɗi ma'anarsa da baki, don na gaba su gane. Ku na waje, in kun aiko kuɗin buki, ku ce a ware na makaɗan gari, kuma in an zo liƙi kada a tsaya kan mai waƙa kaɗai, a leƙa bayansa. Mu kuma a nan mun ɗauki alkawari: duk waƙar da za mu sa, in mun san sunan mai hannun, za mu faɗe shi tare da na mai bakin.

Ku aiko mana abin da kuka ɗauka da sunan garinku, za mu riƙa sa su a shirin al'adu ɗaya bayan ɗaya. Baba da ya kira mu daga ƙauye, mun gode da gyara, Allah ya ƙara girma. Sai mun ji daga gare ku.